An Miƙa Maka Makullin Laburare: Ta Ina Za Ka Fara?

Duk wanda ya san Mando ya san ba tashar mota da hanyar filin jirgin sama kaɗai ke wurin ba. A kewayen nan ne ake da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soji da ke Afaka, da Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, ga kuma makarantun sakandare da na Islamiyya a cikin unguwa. Inda duk aka tara ɗalibai, ana buƙatar ɗakin karatu, ana kuma buƙatar mai kula da shi. A ƙananan makarantu, sau da yawa matashi ake ɗora wa wannan nauyi: ɗan bautar ƙasa, ko sabon malami.

Abu na farko shi ne ƙidaya. Kada ka sa hannu a takardar karɓar aiki sai ka bi rajista, kanta bayan kanta, ka ga abin da ke nan da wanda ya ɓace. Littafin da ya salwanta kafin zuwanka, in ba a rubuta ba, kai za a tuhuma gobe.

Na biyu shi ne mutanen da ka tarar. Wataƙila ma'aikacin da ke ƙarƙashinka ya haife ka, ya kuma shekara ashirin a wurin. Kira shi Baba ko Malam, ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda aka saba yi da dalilin yin hakan. Shi ya san littafin da ɗalibai suka fi nema idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, shi ya san inda rufi ke yoyo. Idan gyara ya kama, a yi shi a keɓe, ba a gaban ɗalibai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ka fahimci tsarin jera littattafai kafin ka taɓa komai. Makarantu da yawa suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma: 200 addini, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Littafin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya ne.

Sai kuma yanayin Kaduna. Da hunturu ƙura ce, da damina laima da gara. A ɗaga kantoci daga ƙasa, a janye su daga jikin bango, a riƙa kaɗe su duk mako. A hana cin abinci a ciki, domin ɓurɓushi ne ke gayyato ɓera da kyankyaso.

Kada ka ji kunyar neman ilimi. Aikin laburare fanni ne mai zaman kansa: tun 1968 ake koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙungiyar ma'aikatansa ta ƙasa ta kafu a 1962, a 1995 kuma aka yi dokar kafa hukumar yi musu rajista. Cikin gari akwai laburaren jiha a titin Bida, da Gidan Arewa a titin Rabah. Ka je ka ga yadda ƙwararru ke yi.

Daga ƙarshe, ka tuna wa ake yi wa aikin. Akwai ɗalibin da gidansu babu wuta, babu teburi, babu kuɗin sayen littafin Kemistiri. Idan jadawali ya ce ƙarfe takwas, a buɗe ƙarfe takwas. Ranar da ka makara, shi ne zai koma aji hannu rabbana.