Yaron da ke Kwarfe Ruwa a Jirgi

Daga Wakilinmu na Arewa

Mutanenmu na Agege da ke cin albasar Yawuri da busasshen kifi, kaɗan ne suka san cewa wasu kayan nan sai sun ratsa tafkin Kainji cikin jirgin katako kafin su hau mota zuwa Ikko. A cikin jirgin nan kuwa akwai wani ma'aikaci da ba a kula da shi, watau yaron da ke durƙushe a tsakiya da yankakken galan yana kwarfe ruwa.

Jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo. Akan cusa tsumma a tsagar katako a shafe da kwalta, amma ruwa sai ya sami hanya. Ga na sama, ga wanda igiya ke watsowa. Ruwan da zai cika duro guda, lita 200, nauyinsa kilo 200 ne, kamar an ƙara ƙarti uku ke nan ba tare da sun biya kuɗin jirgi ba. Abin da ya fi muni, ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgi ya karkata sai ya kwararo gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Fasinjoji su firgita su ruga ɗaya gefen, shi ke nan an kife.

Masu jiragen wasa na Ikko, waɗanda iska ke turawa da ƙyalle, sun san wannan sarai, don nasu kullum a karkace suke tafiya. Sukan sa famfo mai batir a gindin jirgi, su kuma ajiye na hannu da bokiti, saboda da ruwa ya taɓa batir aiki ya tsaya. Mu a wajenmu ma ɓawon albasa kaɗai ya isa ya toshe famfo.

Ƙa'idar dai ɗaya ce ko'ina. A fara neman inda ruwan ke shiga a toshe, ko da riga ce, wani ya taka da ƙafa, sa'an nan a yi ta kwarfa, a nufi gaɓa. Babban rami ya fi ƙarfin kowane famfo. A Kainji kuwa ramin yakan zo ne daga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968.

Sai dai fa kwarfa ba ta maganin haɗama. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Jami'ai sun ce lodi ne ya yi yawa.

In ka je gida ganin dangi, kafin ka shiga jirgi leƙa ƙarƙashin kaya. In ka ga an rufe wurin kwarfa da buhuna, jira na baya.