Gyambon Buruli: ciwon da ke cin fata ba zafi

Idan maruru ya fito maka, ka san yadda yake yi. Wurin ya kumbura, ya yi zogi, kaluluwa ta fito, wani lokaci har da zazzaɓi, daga baya mugunya ta fashe. Wannan wahalar alama ce jikinka yana yaƙi. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Da ƙwayar cuta ta shiga, sai naman wurin ya aika musu kira, su taru su kashe ta. Mugunyar da kake gani gawarwakin wannan yaƙin ne.

Gyambon Buruli ba haka yake ba. Ƙwayar da ke kawo shi dangin ƙwayar kuturta da ta tarin tibi ce. An sa masa sunan wani yanki na ƙasar Yuganda inda ya yi yawa a shekarun 1960. Ana samun sa a Kamaru, Gana, Benin da Kwaddibuwa, musamman kusa da fadama da ruwa mai kwanciya. A bakin kogin Nyong na Kamaru ana ce masa "atom". Ya fi kama hannu da ƙafa, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 suna da yawa cikin masu shi.

Ƙwayar tana fitar da wani dafi mai kama da maiƙo, ana ce da shi maikolakton. A shekarar 1999 aka gano shi. Dafin nan yana ratsa naman da ke kewaye, ya toshe ƙofar da ƙwayoyin jiki ke fitar da saƙonsu. Kira bai fita ba, sojoji ba su ji ba. Ƴan kaɗan da suka iso ma dafin ya kashe su. Kamar ɓarawo ne da ya fara ba karen gida guba kafin ya shiga rumbu. Yana kuma kashe jin jijiyoyin wurin, shi ya sa ba zafi. Sai ya yi ta ruɓar da kitsen da ke ƙarƙashin fata a hankali, sama kuwa lafiya lau.

Da fari za ka ga ɗan ƙululu mai tauri, ko fata ta yi tauri kamar faifai, ko kuwa hannu ko ƙafa ta kumbura gaba ɗaya. Bayan makonni fatar ta fashe. Bakin gyambon a rarake yake ta ciki, wato ɓarnar ta fi abin da ido ke gani faɗi. Da yake ba ya zafi, mutane sukan ce sammu ne, a yi ta shafe-shafe har watanni su wuce. Ba sammu ba ne. Kada a tsaga, kada a ƙona.

Maganinsa ƙwayoyi iri biyu ne, rifamfisin da kilaritromaisin, ana sha kullum har kwana 56. Fitsarinka zai yi ja-ja, wannan aikin rifamfisin ne, kada ka tsorata.

Ga abin da ke sa wasu su gudu daga magani. Idan ƙwayar ta fara mutuwa, dafin ya ragu, sojojin jiki sukan farka su afka wa wurin. Gyambon ya ƙara kumbura, ya yi zafi, ya yi mugunya, wani sabo ma ya ɓullo kusa da shi. Sau da yawa wannan ba lalacewa ba ce. Ka zo a duba, amma kada ka daina sha.

Wanda ya zo da ƙululu yakan warke da ɗan tabo. Wanda ya jira, gyambo na iya kai wa ƙashi, a yi masa aiki da dashen fata. Idan gyambon yana kan gwiwa ko gwiwar hannu, tabon yakan ja gaɓar ta ƙage, don haka ka riƙa miƙe ta kana lanƙwasawa kullum yadda ma'aikacin asibiti ya nuna maka, tun gyambon bai rufe ba.