Tsohuwar gita ta karye: kafin a gyara ko a sayar, ga abin da ya kamata a sani

Makon jiya wani ɗan garin nan da ke aiki a Sabha ya aiko mana da saƙon murya. Wansa ya rasu ya bar gita a cikin ɗaki, wuyanta ya tsage kusa da kai, tsirkiya biyu kawai ta rage. Wani dillali ya taya jika goma sha biyar. Shi kuma ƙanen ya ga a WhatsApp cewa tsofaffin gitoci suna yin miliyoyi a Turai, ya ce kada a sayar. Ga marayu uku suna jiran rabon gado. Tambayarsa ita ce: wa ke da gaskiya?

Amsar da muka ba shi a gajarce ita ce, kada a taɓa ta, kada a kai ta wajen kafinta, kada a sayar, sai an san ko wace iri ce. To ta yaya ake sani?

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada

Labaran da ake turowa a salula ba duka ba ne ƙarya. A shekarar 2020 an sayar da gitar mawaƙin Amurka Kurt Cobain dala miliyan 6. A 2023 kuma an sayar da wata tasa da ya farfasa da hannunsa kusan dala dubu 600. Amma sunan mai ita aka saya. Haka gitar Les Paul ta kamfanin Gibson da aka ƙera tsakanin 1958 da 1960 tana kai ɗaruruwan dubban daloli, don kaɗan aka yi, masu nema kuma da yawa.

Yawancin gitocin da ke hannun samarinmu ba waɗannan ba ne. Na Sin ne, ko Koriya, ko Indonesiya, waɗanda aka kwaikwayi siffar manyan. Wasu ma an liƙa masu sunan Fender ko Gibson na jabu. Irin wannan idan ta tsufa kuma ta karye, kuɗinta raguwa yake yi, kamar tsohon keke.

Inda ake duba asalinta

Abu na farko suna, a saman kai, wajen da ake ɗaure tsirkiya. Na biyu lamba. Gibson na buga tata a bayan kai, kuma daga 1977 zuwa 2005 lambar mai alƙalami takwas ce, na farko da na biyar su ne shekarar da aka ƙera ta. Tsofaffin Fender lambarsu na kan wani ɗan ƙarfe a baya, inda wuya ya haɗu da jiki, sai daga 1976 aka mai da ita kan kai. Idan ka ga Squier ko Epiphone, ƙannen Fender da Gibson ne masu sauƙin kuɗi. Suna da kyau, amma kada a yi masu kuɗin yayyensu.

Gita mai rami, wadda ba ta bukatar lantarki, a haska cocila cikin ramin, akwai takarda a liƙe. Idan aka ga jar takarda mai sunan Yamaha da Nippon Gakki, wannan ƴar Japan ce ta wajejen 1966 zuwa farkon shekarun 1970, kuma masu sana'a na nemanta. Ba za ta gina gida ba, amma ta fi ƙarfin jika goma sha biyar.

A ɗauki hoto da rana: gaba, baya, kai, lamba, da wurin da ya lalace. A tura wa makaɗa biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, a Damagaram, Agadas ko Yamai. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, inda ake samun waɗanda suka san kayan kiɗa. Ƴan uwa na waje masu intanet mai ƙarfi, ku ne za ku taimaka da binciken lamba. Sai dai ku duba kuɗin da aka sayar da irinta, kada ku tsaya kan kuɗin da mai talla ya sa. Kowa na iya yi wa akuyarsa kuɗin raƙumi.

Wace ɓarna ce babba?

Tsinkewar tsirkiya, tsatsa a makullan ɗauri, ƙura, kojewar fenti, duk wannan ƙarami ne. Tsagewar katako saboda hunturu ta fi haka, amma tana gyaruwa. Masu ƙera gita suna son iska mai laima kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a nan daga Disamba zuwa Maris iskar ƙeƙasasshiya ce, shi ya sa katako ke buɗewa, jakin da tsirkiya ke hawa ya ɓamɓare.

Karayar wuya ta fi nauyi. A irin Fender, ƙusoshi masu zare ne suka riƙe wuyan, ana iya kwance shi a sa wani. A irin Gibson da masu rami, manne yake da jiki. Gwani na iya ɗora shi ta yi kiɗa lafiya lau, amma masu saye suna rage kuɗi sosai, wani lokacin har kusan rabi. Wuyan da ya murɗe, ko cikin da gara ta ci, wannan sau da yawa sai dai a sayar da ƙarafanta ɗai-ɗai.

Gyaran gaggawa shi ke kashe kuɗi

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya ga tsaga, ya tsiyaya mata gam mai kamawa nan take, ko ya buga ƙusa, ko ya sa a kankare ta a shafa sabon fenti don ta yi kyau a kasuwa. Gam ɗin ya shige cikin katako ya daskare, gwani ba zai iya haɗa bakin tsagar daidai ba kuma. Sabon fenti kuwa, ga masu neman tsohon kaya, ya fi karce muni, don tsohon fentin shi ne shaidar shekarunta.

Abin yi kaɗan ne. A sassauta tsirkiya gaba ɗaya, don jansu yana ƙara buɗe karaya. A tattara duk guntun da ya faɗi, ko da ƙusa ɗaya ce, a sa a leda. A naɗe ta da tsabtataccen zane, a ɗora ta a sama, nesa da rana, da bangon da ke yoyo, da gara.

Sai lissafi. Idan kuɗin gyara da na mota zuwa Damagaram da dawowa sun kusa kai abin da za ta yi bayan gyara, a sayar da ita yadda take. Kuma a faɗa wa mai saye aibinta duka. Ɓoye aibi a ciniki addini ya hana, balle kayan marayu. A sa shaidu biyu, a rubuta kuɗin. Masu son a aika masu ita waje, ku kiyaye da wanda ya ce a fara tura masa kuɗin takardu ko na duwan kafin ya biya. Wannan tsohuwar damfara ce.

Molo da gurmi fa?

Wasu za su ce mu ba gita muke da ita ba, molo ne na kaka ko gurmi. Su darajarsu tana ga tarihinsu: wa ya ƙera, wa ya kaɗa, a fadar wa. Ku tuna marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, wanda ya rasu a 2018. Ya yi suna da gurmi, sannan ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram na Buduma a hannun Bukar Tar lokacin da kiɗan ke gab da ɓacewa, ya kai shi duniya. Kafin ku sayar da irin wannan ga baƙo mai wucewa, ku tambayi dattawan gida, ku ɗauki muryarsu a salula suna ba da labarinsa.

Gitar da muka fara da ita, an haska cikinta, ba a ga jar takarda ba. Ƴar Sin ce. Amma da aka tura hoto, wani makaɗi a Gure ya ce zai iya ɗora wuyan da kansa, ya ba da jika ashirin da biyar. Ƙanen ya haƙura da miliyoyinsa, marayu sun samu ƙarin jika goma a kan tayin farko.

Duk mai tsohon kayan kiɗa da yake son a duba masa, ya kawo hoto gidan rediyo ranar kasuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a abin da suka bari.