Jarida A Hannun Mai Binciken Kasuwanci

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. To amma ɗalibin da ke binciken harkar kasuwanci ba ya iya zama ganau a kan duk abin da ya faru a kasuwa shekaru da dama da suka shige. Dole ya dogara da waɗanda suka gani suka rubuta, kuma a nan ne jaridu da mujallu ke da muhimmanci. Jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian ta Kaduna, wadda ta fito a 1966, sun adana labaran farashi da na masana'antu da na kasafin kuɗi, kuma ana samun tsofaffin bugunsu a wurare kamar Gidan Arewa da ke Kaduna.

Sai dai ɗauko bayani daga jarida yana da ƙa'ida. Wajibi ne mai bincike ya rubuta sunan marubucin labarin, da kanunsa, da sunan jaridar, da shafi, sannan da cikakken kwanan wata, wato rana da wata da shekara. In a intanet ya karanta, sai ya ƙara da adireshin shafin.

Me ya sa ake matsa wa kwanan wata haka? Ga misali. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Nijeriya ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje. Kafin nan dala ɗaya ba ta kai naira 2 ba a farashin gwamnati, amma a gwanjon farko ta haura naira 4. Ke nan wanda ya rubuta "1986" kurum bai gaya wa mai karatu ko wane farashi yake nufi ba, kuma duk lissafin ribar da ya ɗora a kai zai iya rushewa.

Haka kuma, ba duk abin da ke cikin jarida ne labari ba. Akwai sharhin edita, akwai ra'ayin masu karatu, akwai talla wadda kamfani ya biya aka buga masa. Yabon da kamfani ya yi wa kansa ba hujja ba ne. In jarida ta kawo alƙaluma daga Babban Bankin Nijeriya, ya kyautu ɗalibi ya nemi rahoton bankin da kansa, domin kuskuren ɗab'i kan sauya lamba. In jaridu biyar suka kwafo labari daga kamfanin dillancin labarai guda, shaida ɗaya ce, ba biyar ba.

Ɗaukar rubutun wani ba tare da ambaton sunansa ba satar fasaha ce, kuma takan jawo a soke aikin ɗalibi. Don haka ya kamata malamai su saba wa ɗalibansu da wannan ƙa'ida tun daga sakandare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.