Manhajar Rage Damuwa a Wayar Malaman Jami'o'in Birtaniya

Ƙarfe sha ɗaya na dare, malamar jami'a na zaune gaban tarin takardun jarrabawa, shayinta ya huce tuntuni. A wayarta akwai manhajar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da jami'ar ta biya mata kuɗinta. Ta buɗe ta ne sau ɗaya tak, ranar da ta sauke ta.

Irin wannan dare ba baƙo ba ne a jami'o'in Birtaniya. A 2019, rahoton da Liz Morrish ta rubuta wa cibiyar nazarin manufofin ilimi mai zurfi ta HEPI ya duba jami'o'i 59, ya gano cewa daga 2009 zuwa 2015 yawan ma'aikatan da aka tura wajen masu ba da shawara kan damuwa ya ƙaru da kusan kashi 77 cikin ɗari. Jami'o'i da dama sai suka koma ga intanet. Akwai Togetherall, wadda aka kafa a 2007 da sunan Big White Wall: mutum zai shiga ba da sunansa ba, ya amayar da abin da ke cin ransa, ƙwararru na sa ido dare da rana. Akwai kuma SilverCloud daga Dublin, mai koya wa mutum, darasi bayan darasi, yadda zai gane tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci.

Amfaninsu a fili yake. Wanda ke jin kunyar a gan shi a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa zai iya neman taimako daga ɗakinsa.

Sai dai riƙe su ne aiki. Wani bincike na 2019 kan manhajoji 93 ya nuna cewa bayan wata guda, kusan mutum uku ne kacal cikin ɗari ke ci gaba da buɗe su. Ga malamin jami'a kuma akwai wani tsoron: tunda ma'aikatarsa ce ta kawo manhajar, shin shugaban sashensa ba zai ji labari ba? Ko da an yi alkawarin sirri, zuciya ba ta saurin sakewa.

A 2024, William Fleming na Jami'ar Oxford ya nazarci bayanan ma'aikata fiye da 46,000, bai ga alamar cewa masu amfani da irin waɗannan manhajoji sun fi sauran samun sauƙi ba. Shawararsa ita ce a taɓa aikin kansa: yawan sa'o'i, tsarin shugabanci, da nauyin da ake ɗora wa mutum ɗaya. Ga waccan malama, hakan na nufin a rage mata takardun da ke jiranta kafin wayewar gari.