Ƙaramar ƙofar ruwa cikin injin mota

Ranar kasuwa, tun da asuba, motoci ke tashi daga Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. Suna ɗauke da hatsi da wake da gujiya da awaki zuwa Tsibiri da Maraɗi. Da yawa cikinsu tsofaffi ne. Irin su Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da 504 ta 1968, su suka daɗe suna wannan aiki. Idan mota ta tsaya tsakar daji tana tururi, ba shofer kaɗai ke hasara ba. Mai buhu ya rasa kasuwa, mai dabba kuma ya ga ta galabaita cikin rana.

Inji kamar jikin mutum yake. Ba ya son zazzaɓi, ba ya son sanyi. Ruwa ke zagayawa cikinsa, yana kwaso zafi, yana kai shi lagireto, wato radiyater, iska ta huce shi. Tsakanin inji da lagireto akwai wata ƙaramar ƙofa, ba ta cika tafin hannu ba. Sunanta tarmosta. Cikinta akwai kakin zuma irin na masana'anta. Da safe tana rufe, ruwa na juyawa cikin inji kawai, har ya yi ɗumi. In zafi ya kai wajen digiri 80, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. In ruwa ya huce, ta koma ta rufe da kanta.

A ƙasashen sanyi, a shekarun 1920 da 1930, dabarar daban ce. Ana sa ƴan filayen ƙarfe a gaban lagireto, masu buɗewa da rufewa kamar taga. Wasu shofer ne ke ja da hannu, wasu zafin ruwa ne ke motsa su. Motocin Rolls-Royce na Ingila sun yi amfani da su. Shoferan da ke toshe gaban kamiyo da kwali da sanyin asubar hunturu, wannan dabarar suke yi, ko ba su sani ba. Sai dai kwali ba ya cire kansa. In hantsi ya yi an manta da shi, ruwa zai tafasa.

To, ga inda ake kuskure. A watannin Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a jihar Maraɗi. Da mota ta fara zafi, sai a cire tarmosta a jefar, a ce ai kayan ƙasar Turawa ne. Nan da nan allura ta sauka, kowa ya yi murna. Amma injin da ba ya ɗumi sosai yana shan isansi da yawa. Mai yana gurɓacewa da wuri, ƙarafa suna cin juna, hayaƙi na ƙaruwa. Kuɗin da aka ɓata kuwa, a kan kuɗin buhu ake fanshe shi.

Sau da yawa laifin na lagireto ne. Ƙura da ƙaiƙayi suna toshe ramukansa ta waje. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin farin ɓawo ta ciki, kamar na gindin buta. Wani lokaci bel ɗin fanka ne ya saki, ko robar murfin ta mutu. Murfi mai kyau yana riƙe ruwa kada ya tafasa ko ya ɗan wuce digiri 100.

Gwada tarmosta ba wuya. A ɗaure ta da zare, a saka cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wadda ta ƙi buɗewa ta mutu, sai a sayi sabuwa.

In mota ta yi zafi a hanya, shofer ya tsaya, ya kashe inji, ya jira. Kada yaron mota ya buɗe murfi nan take, tururi na ƙona fuska da hannu. Kuma ba a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, don kan injin yana iya tsagewa.