Kaji Na Saran Juna: Wace Magana Ce Gaskiya, Wacce Ce Ƙanzon Kurege?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rufin kwano ke mayar da akurki tanda, kukan masu kiwon kaji a cikin gida kusan ɗaya ne: kaji sun fara cin junansu. Wata an fige mata gadon baya, wata an fasa mata zanko, wata kuma sai a tarar an zaƙulo mata hanji ta dubura. Kafin uwar gida ta gama jimami, shawarwari sun yi mata yawa. Maƙwabciya ta ce a zuba gishiri a ruwa, mai sayar da abincin kaji ya ce a yanke musu baki, yaron makaniki ya kawo baƙin mai a gwangwani. A cikin waɗannan maganganu akwai na gaskiya, akwai masu rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda ke ƙarasa kazar da sara bai kashe ba.

Maganar da aka fi ji ita ce, "Ai halin kaji ne, ƙyale su, za su daidaita." Wannan gaskiya ce ga iri ɗaya na sara kawai. Tun farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji na da tsarin girma a tsakaninsu: babba ta sari ta ƙasa da ita, ita ma ta sari ta ƙasa, har a kai ga wadda ba ta da wadda za ta sara. Irin wannan sara a ka yake sauka, sau ɗaya ko biyu, galibi a bakin kwanon abinci, ta ƙasa ta kauce, magana ta ƙare. Idan an kawo baƙuwa ko an cire babba, za a yi 'yan kwanaki ana kai ruwa rana sannan ƙura ta lafa.

Amma figar gashi da caccakar dubura ba rigimar girma ba ce, kuma ba ta lafawa don kanta. Kazar da aka sake tana cinye fiye da rabin yininta wajen tono da tsince-tsince. Aka kulle ta a kejin waya, ta cinye abincinta cikin 'yan mintoci, bakin nan ba shi da aikin yi, sai ya koma kan gashin ta kusa da ita. Shi ya sa da wuya ka ga wannan matsala a kajin ƙauye masu yawo a bola da bayan gari, amma ta zama ruwan dare a gidajen birni inda aka cusa Noiler ko burela 20 a wurin da bai kamata ya ɗauki 8 ba. Abin da ake shawarta ga mai kiwon gida shi ne kada manyan kaji su wuce 3 ko 4 a murabba'in mita 1 na makwanci, kuma a samar musu filin shan iska. Da zarar jini ya fito kuwa, batun jira ya ƙare. Ja na jan hankalin kaza, ɗaya ta fara sauran su koya, kuma cikin yini guda za su iya kashe 'yar'uwarsu.

Sai masu cewa muguwa ɗaya ce a cikinsu, a yanka ta a huta. Akwai ƙamshin gaskiya. Sau da yawa kaza ɗaya ke farawa, kuma wanda ya zauna ya zuba ido na rabin awa zai gane ta. Ware ta na kwana 4 ko 5 inda sauran ba sa ganinta kan rage mata kaifi, domin in ta dawo ta tarar an maye gurbinta. Wadda ta ƙi daina kuwa, ni ban ga laifin a sa mata wuƙa ba. Sai dai in cunkoso da zafi da yunwa suna nan, kafin a gama cin romonta wata ta gaje ta.

Gishiri shi ne maganar da ta fi haɗari, saboda tushenta gaskiya ne. Ƙarancin gishiri a abinci na iya sa kaji figar juna. Amma abin da kaza ke bukata kaɗan ne ƙwarai, wajen giram 3 zuwa 4 a kilo 1 na abinci, kuma abincin kamfani ya riga ya zo da shi. Wanda ya dumbuzi gishiri ya watsa a ruwan sha, musamman a bazara da kaji ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, zai ga zawo, 'yan tsaki kuma su fara mutuwa. Yunwar da ta fi yawa a gidajenmu ta furotin ce. Kaza mai ƙwai na bukatar kashi 16 zuwa 18 cikin 100, masara kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Gashi kusan dukkansa furotin ne, don haka in ka ga akurki ba gashi ko ɗaya a ƙasa alhali kaji na yawo da baya tsirara, haɗiye shi suke yi. Dusa da tsaki kaɗai ba sa riƙe kazar da aka kulle. A haɗa da soyayyen waken suya, ƙuliƙuli, garin kifi, ko gara da fara. A nan wata jita-jitar ta faɗi: wai ba kaza nama ko ƙwari shi ke koya mata cin 'yan'uwanta. Kaza tun asali mai cin ƙwari ce, har ƙananan ƙadangaru ba ta bari. Abin da ke koya mata shi ne barin mushe ko mai zubar jini a cikin akurki.

Yanke baki na rage ɓarna, amma ba ya taɓa dalilin saran. Manyan gonaki na yin sa ne tun kajin na 'yan kwanaki, da na'ura, a hannun wanda ya iya. Bakin kaza na da jijiyoyi, kuma datse shi da almakashi ko jan ƙarfe a tsakar gida kan bar babbar kaza da ciwo, ta kasa tsintar hatsi, ta kasa fige ƙwarƙwata daga jikinta. Norway da Suwidin sun daɗe da haramta shi. Mai kaji 10 ko 15 ba shi da bukatarsa. Rataya ganyen zogale ko kabeji su yi ta tsalle suna cisga, zuba buntun shinkafa a watsa hatsi a ciki, ƙara kwanon abinci na biyu nesa da na farko, ajiye tudun yashi da toka su yi birgima, da kashe ƙwan lantarkin da ake bari har asuba: waɗannan sun fi almakashi aiki.

Ba kowane tabo ba ne aikin 'yan'uwa. Kaza ba ta gani sosai a duhu, saboda haka in an kulle su lafiya aka wayi gari an cinye wa ɗan tsako yatsu, a nemi ramin gafiya ko ɓera. Kazar da bayanta da ƙeyarta suka kwaile alhali sauran jikin lafiya, yawanci zakara ne ya dame ta da barbara; zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10. Baƙaƙen ƙuraje a zanko da leɓe da gefen ido, musamman da damina, sun fi kama da ƙyandar kaji, wadda sauro ke yaɗawa. Ita kuma caccakar dubura, sau da yawa tana farawa ne daidai lokacin da kaza ta saki ƙwai, jan nama ya leƙo, sauran suka gani. Wurin ƙwai mai duhu, ɗaya ga kaji 4 ko 5, yana rage wannan sosai.

Yanzu ga raunin kansa. Baƙin mai ba magani ba ne. Abin da ya sa ake ganin kamar yana aiki shi ne yana rufe jan jini, amma cike yake da dattin inji da ƙarafa masu guba, kuma kaza za ta lashe shi wajen gyaran gashi. Kananzir ƙona fata yake yi. Abin yi shi ne a fitar da kazar nan take, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da tafasasshen ruwa da ya huce wanda aka sa ƙaramin cokali 1 na gishiri a rabin lita, sannan a shafa aidin. Shuɗin maganin nan na GV yana ɓoye ja, shi ya sa masu kiwo ke son sa, amma wasu ƙasashe sun daina yarda da shi ga dabbar da za a ci, don haka a taƙaita shi ga ƙaramin tabo. A sa ta a kwando ko kwali cikin inuwa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda na yin ƙwai a ciwo, tsutsa ta fito cikin kwana guda. Fatar kaza na warkewa da sauri fiye da yadda ake zato. Fasa kafso ja da rawaya a ruwan kaji duka don ɗaya ta ji rauni kuwa ɓarna ce: maganin na saura a nama da ƙwai, ƙwayoyin cuta su saba da shi. In ciwon ya yi zurfi ko ya fara wari, a nemi likitan dabbobi. In hanji ya fito, a yanka ta tun tana da rai.

Dabarar saka baƙuwa da dare wai don a wayi gari an saba, kwana ɗaya kawai take saya. Kaji sun san fuskokin junansu. Wadda ta warke, a ajiye ta bayan waya inda za su riƙa ganin juna na kusan mako guda kafin a haɗa. Wadda aka sayo daga kasuwa kuwa, sai ta yi aƙalla mako 2 can nesa da sauran, domin cutar Niyukasil da ke share akurki da hunturu ta wannan hanya take shigowa, kuma rigakafin da cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi ba ya ceton kazar da ta riga ta kamu.